Tarihin Tarbiyyar Yara a Ƙasar Hausa

Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a cikin shekarar 1903, sun tarar da ƙasa mai sarakuna da alƙalai da kasuwanni, sun kuma tarar da mutanen da suka san yadda ake renon yaro har ya zama mutum. Babu ofishin da ke lura da wannan aiki, amma yana da ƙa'idodi waɗanda kowa ya sani, tun daga sarki har talaka. Wuri uku ne suka raba aikin a tsakaninsu, watau gida, da dandali, da makarantar allo. Bayan shekara shida sai ga na huɗu ya shigo, shi ne makarantar boko. Yawancin gardamar da aka yi ta yi a kan boko tun daga wannan lokaci, in an bi ta a hankali, gardama ce a kan wanda zai riƙe yaro ya koya masa zama da mutane. Saboda haka ya kamata a san yadda ukun farko suka yi aikinsu, kafin a duba abin da na huɗun ya zo da shi.

Gida

Ran suna, watau kwana bakwai da haihuwa, dangi da maƙwabta sukan taru da sassafe a ƙofar gida. Liman ya raɗa suna, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi wa jariri aski, in kuwa gidan masu tsaga ne a yi masa tsagar gidansu. Tun daga ran nan an shaida cewa yaron yana da masu shi da yawa. Abin da ake nufi ke nan da cewa ɗa na kowa ne.

Al'adar da ta fi nuna wannan ita ce kunyar ɗan fari. Mace takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu can, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun tsofaffi. In ta komo ɗakinta ba ta faɗin sunan ɗan nan nata, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uban ma haka. Da ya kai munzalin yaye, wajen shekara biyu, sai a kai shi wurin kaka, wani ma can zai zauna har ya girma. Baƙo zai zaci rashin ƙauna ne, alhali kuwa hanya ce ta sakar wa dangi yaro, don ya saba da hannu fiye da ɗaya.

Kafin yaro ya cika shekara biyar ya rigaya ya gane cewa mutanen gidansu iri iri ne, kowane iri kuwa da yadda ake zama da shi. Akwai waɗanda ake jin nauyinsu, kamar uba da baffa da gwaggo. In za a gaishe su a tuɓe takalmi a durƙusa, ba a kallon tsabar idonsu, ba a miƙa musu abu da hagu. Akwai waɗanda ake kai wa kuka, kamar kawu da inna. Akwai kuma abokan wasa. Kaka mace takan kira jikanta namiji mai gidanta, ta kira jikanyarta kishiya, su yi ta ba'a babu mai fushi. Haka 'ya'yan wa da na ƙanwa, watau taubasai, har da kuɗin shara da suke bin juna a watan cika-ciki. Wannan shi ne karatun farko, na sanin matsayin kowa. A bakin akushi ma karatu ake yi, gama yara sukan ci tare, kowa ya ci gabansa, ba mai taɓa nama sai babba ya raba.

Labarin Baba, mutuniyar Karo, ya bayyana wannan zama sarai. An haife ta wajen shekarar 1877, ta ga zamanin hari da bauta, ta ga zuwan Turawa. A cikin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi littafi a 1954, bayan rasuwarta da shekara uku. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ɗakinta bai rabu da yara ba, domin dangi sun ba ta riƙo, ta rena, ta aurar. Riƙo a wancan zamani hanya ce ta ɗaure zumunci da share hawayen wadda ba ta da ɗa, yaron kuwa ya tashi da gida biyu.

Wajen shekara bakwai hanyar namiji da ta mace sukan rabu. A lokacin ɗari akan tara yara maza a yi musu kaciya tare, su yi jiyya wuri ɗaya, su zama sa'o'in juna har tsufa. Daga nan yaro ya bar kwana ɗakin uwa, ya bi uba da yayye zuwa gandu, watau babbar gonar gida wadda kowa ke ci daga rumbunta. In ya tasa a yanka masa gayauna, abin da ya noma a ciki nasa ne. Da rani kuwa ya zauna ga sana'ar gidansu, ko ƙira, ko rini, ko saƙa, ko jima, ko dukanci, ko fawa. Ɗan maƙeri da zuga zugazugi yake farawa, ya daɗe yana kallo kafin a ba shi masaba. Yarinya ita kuma ta fara da tuwon ƙasa da 'yar tsana, ta kai ga surfe da daka da kaɗi da goyon ƙanne. Talla ce ke fid da ita waje. A nan take koyon ƙidayar wuri, da ciniki, da sanin gidajen unguwa, ribar kuwa a tara mata kayan ɗaki.

Dandali

In an ci tuwon dare, ƙanana sukan kewaye tsohuwa su ji tatsuniya. A cikin labarin Gizo da Ƙoƙi, da kura da zomo, da 'yar bora da 'yar mowa, yaro yake fara ganin ƙarshen makwaɗaici da sakamakon mai haƙuri, ba tare da an yi masa wa'azi ba. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa sai dandali, balle in da farin wata. Maza su yi langa da kokawa, mata su yi gaɗa. Dandali shi ne wurin da babu uba babu malam, yaro ya gamu da tsararsa, ya koyi cin wasa da faɗuwa, ya ga yadda ake raba gardama.

Samari suna da sarautarsu. Akwai sarkin samari da 'yan majalisarsa, 'yan mata su ma da tasu shugaba. Su ke kiran gayya in za a nome gonar tsoho ko ta surukin ɗayansu, su ke tsara wasa ran salla da ran biki, su ke cin tarar wanda ya yi rashin kunya. Bayan kaka akan yi kalankuwa, a naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa, a yi shari'a a gaban jama'a. Da Turawa suka zo sai samari suka ƙara da Gwamna da Razdan da Di'o a cikin sarautun nan, abin da ya nuna idonsu yana kan yadda ake mulki. A watan azumi kuma, daga goma ga wata, ga tashe, inda yara ke bi gida gida suna kwaikwayon halin manya, mai rowa da malalaci da tuzuru kowa ya ji nasa, ba dama ya yi fushi.

'Yan mata suna ƙulla ƙawance tun suna ƙanana, da sanin iyaye, da musayar kyauta. Ran bikin ɗaya, ɗayar ce a gaba, abin da aka kawo mata kuwa bashi ne, sai ta rama da ƙari. Namiji shi ma yana da babban aboki wanda zai tsaya masa ran aure. Ta haka mutum ke samun 'yan'uwan da ba na jini ba.

Makarantar Allo

Karatu ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka Kano. Katsina ta yi suna da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Saboda haka makarantar allo ta yi shekaru ɗaruruwa tana aiki tare da gida.

Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi zauren malam, da allo da 'yar sadaka. Yaro ya fara da haddace gajerun surori, ya shiga babbaƙu, ya wuce farfaru, har ya iya wanke allonsa ya rubuta da kansa. Ran Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Jumma'a a huta. In ya kai ƙarshen izu sittin a yi masa allon zayyana, a yi walimar sauka, dangi su taru kamar ran suna. Mai son ƙari sai ya shiga makarantar ilmi, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya yi gaba.

Banda karatu akwai tarbiyya. Almajirai hawa hawa ne, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, babba yana biya wa ƙarami, ƙarami yana yi wa babba hidima. Su ke yo itacen da za a hura wutar karatun dare, su ke noma gonar malam. Wanda aka ba malam ya tafi da shi gabas neman karatu yakan koyi zama da yunwa da baƙunci, garin da suka sauka kuwa ya ɗauki nauyin ciyad da su, kowane almajiri da gidan da ake zuba masa tuwo. Ladabin da ake bukata a gaban malam shi ne dai wanda ake bukata a gaban uba, don haka yaro bai ga bambanci tsakanin zauren gidansu da zauren makaranta ba.

Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya isa misali. An haifi Shehu a 1754, ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa, ya ci gaba wurin 'yan'uwan iyayensa, kafin ya tafi ga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi kuma ya karantad da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantad da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa mace dattijuwa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jawo matan ƙauye zuwa wurinta, su koyi addini cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa na gida. Asma'u ta gane cewa wanda ya karantad da uwa ya shiga tarbiyyar yaro tun daga goyo.

Abin da wuraren nan uku suke nema ɗaya ne, shi ne a sami mutumin kirki, mai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da karamci. Duk da haka kada a zaci zamanin ba shi da aibu. Bulala ta yi yawa a hannun waɗansu malamai da iyaye. Yarinya akan aurad da ita galibi tana da shekara 13 ko 14, karatunta ya tsaya. Ɗan bawa da ɗan talaka kusan kullum a matsayin ubansu suke ƙarewa, kome hazaƙarsu. Yaro ana koya masa bin na gaba ƙwarai, amma ba safai ake ba shi damar tambayar dalili ba.

Zuwan Boko

Wajen shekarar 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai 25,000, almajiransu kuwa sun haura 200,000. Amma gwamnatin Turawa tana bukatar malaman haraji da akawuna da masu awon ƙasa waɗanda suka san rubutun Turawa da lissafinsu. Aka ɗora wannan aiki a kan Hanns Vischer, mutumin ƙasar Suwizalan da ya shiga aikin Ingilishi, wanda ya iya Hausa har aka yi masa laƙabi Ɗan Hausa. Bayan ya zaga Masar da Sudan ya ga makarantunsu, sai ya buɗe tasa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a cikin 1909, zamanin Sarki Abbas. Akwai sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa, ɗalibai suna sanye da tufafinsu na gida, malaman addini kuma suna nan. Ɗan Hausa ya yi ƙoƙari kada makarantar ta raba yaro da asalinsa. Gidan da ya zauna yana nan a Kano da sunansa. A hayin iyaka kuwa, wajen Damagaram da Maraɗi, Faransawa da harshensu suka fara koyarwa tun daga ajin farko.

Duk da wannan lallashi mutane ba su amince ba. Sunan da suka ba abin ma ya isa shaida, gama boko tsohuwar kalma ce ta Hausa mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar amaryar boko da ake rufawa a ɗora a kan doki alhali ta gaskiyar tana wani wuri. Suna ganin makarantun mishan, irin ta Likita Mila a Zariya, suna tsoron a juyar musu da addinin yara. Bayan wannan kuma akwai hasarar hannu a gandu. In aka aiko wa hakimi ya kawo yara kaza, sai ya rarraba wa dagatai, iyaye kuwa su shiga ɓoyon 'ya'yansu, wani a rumbu, wani a tura shi almajirci. Masu sarauta da yawa suka riƙa ba da 'ya'yan bayi da na barori a madadin nasu. Ba a jima ba waɗansu daga cikin yaran nan suka komo suna riƙe da alƙalamin En'e, 'ya'yan iyayen gijinsu suna jira a ƙofar ofis.

A 1921 aka fara Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, don a horad da malaman makaranta. Ya ja kunnen ɗalibai su riƙe ladabi da al'adun ƙasarsu. An mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce ta zama Kwalejin Barewa. A nan ne aka ga sabuwar irin tarbiyya sosai. Yaro ya bar gida wata da watanni, waɗansu da ƙafa suke tafiyar kwanaki kafin su iso. Ƙararrawa ce ke tashe shi, ita ke kiransa aji da cin abinci da wasa. Bakano ya kwana ɗaki ɗaya da Babarbare da Banufe da Bafilacen Adamawa. Jarrabawa ba ta san ɗan wane ba, ɗan bara yana iya zuwa na ɗaya, ɗan sarki ya bi baya.

Amfanin wannan ya bayyana daga baya. Ahmadu Bello, jikan gidan Shehu, ya yi Katsina daga 1926 zuwa 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya yi ta daga 1928 zuwa 1933. Na farkon ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, na biyun ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Yawancin waɗanda suka riƙe ragamar Arewa a lokacin neman mulkin kai sun san juna tun suna yara a filin wasan makaranta, watau kwaleji ta zama musu dandali. Abin lura kuma shi ne waɗanda suka fi cin moriyar boko su ne waɗanda suka shige ta da guzurin gida. Abubakar Imam ɗan malami ne a Kagara, ya fara da allo, ya tafi Katsina wurin wansa Malam Bello Kagara, wanda ya yi karatu a Nasarawa ya kuma koyar a kwalejin. Riƙo irin na gargajiya ne ya kai shi ga boko, tatsuniya da karin maganar da ya tashi da su kuwa su suka ƙawata Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce.

To, amma akwai inda aka sami saɓani. A gida yaro mai ladabi shi ne mai durƙusawa ya sunkuyad da kai ya yi shiru. A aji kuwa so ake ya miƙe tsaye, ya dubi malam, ya ɗaga murya ya amsa, har ya yi tambaya. Abin da gida ya kira kunya wani malami ya ɗauke shi rashin ƙoƙari, abin da makaranta ta kira ƙwazo wani uba ya ɗauke shi fitsara. Yaro ya komo hutu yana karanta takardar harajin da ubansa ke dangwala wa yatsa, yana jin nauyin ɗaukar fartanya. Uban kuwa bai san abin da ke cikin littafin ɗansa ba, balle ya gyara masa. A karo na farko sai ga wurin tarbiyya wanda iyaye ba su iya leƙawa.

Sha'anin 'yan mata ya fi wuya. Sai a 1930 aka buɗe makarantunsu na farko a Kano da Katsina, a inuwar gidan sarki, da 'ya'yan fada aka fara. Ana koya musu karatu da ɗinki da tsabta da renon jarirai. Iyaye mata sun ƙi, domin makaranta tana ɗauke mai talla da mai goyo, tana kuma jinkirta aure. Wannan jinkiri na karatun mata ya daɗe yana cin Arewa, gama yaron da aka sa boko yakan komo ga uwar da ba a ba ta damar sanin abin da yake yi ba.

Neman Sulhu

Tun da wuri waɗansu suka ga cewa dole a sada sabon da tsohon. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa makarantar shari'a a Kano, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, inda ake karanta littattafan malamai a cikin aji, bisa tsarin lokaci da jarrabawa. Daga shekarun 1950 makarantun Islamiyya suka fara yaɗuwa, da benci da allon bango, 'yan mata kuwa suka cika su, domin iyaye sun san abin da ake koyarwa a ciki.

Babban mataki shi ne Yaƙi da Jahilci. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayad da kan talakawa. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta baza azuzuwan manya a birni da ƙauye, aka kafa hukumar buga littattafai a Zariya, aka riƙa fid da ƙananan jaridu na larduna. Magidanta masu furfura suka zauna a gindin bishiya suna koyon a, ba, ca. Banda karanta wasiƙa da rasidin haraji, ajin nan ya yi wani aiki da ba a cika ambata ba, shi ne ya buɗe wa uba ƙofar makarantar ɗansa. Wanda ya ɗanɗani wuyar haɗa baƙi ya san darajar abin da yaro ke yi, ya daina ganin boko abin tsoro.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kawo shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka shirya, aji ya yi wa malami yawa, har ba ya iya sanin halin kowane yaro. A cikin shekarun nan kuma gandu ya yi ta watsewa, matasa suka nufi birane, dandali ya ja baya a gaban rediyo da silima da talabijin, daga bisani da wayar hannu. Almajirci shi ma ya sake kama. Malamin da dā yake sauka ƙauye da 'yan almajirai kaɗan, ga gona ga gidajen da suka san su, ya koma birni da yara masu yawa waɗanda ba mai sanin iyayensu. Gwamnati ta gina makarantun tsangaya na zamani, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, amma gini ba ya maye gurbin idon uwa da uba.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne yaro ya fi samun tarbiyya a lokacin da masu riƙonsa suka san juna, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Ƙarfin tsarin dā ke nan, ko da yake ya tauye mata da 'ya'yan talakawa. Boko ta buɗe hanyar da gado ya toshe, ta haɗa yaran ƙabilu dabam dabam, ta koya musu tambaya da kiyaye lokaci, amma duk inda ta yi aiki ba da sanin gida ba sai ta bar yaro tsakanin ladabi iri biyu.

Magidancin da ya sami takardar shaidar ajin manya, da uwargidan da ta samu, suna da abin da kakanninsu ba su da shi ran da aka zo ɗaukar yara zuwa Nasarawa. Suna iya buɗe littafin yaro da dare su ga abin da ya rubuta. Suna iya zuwa makaranta su gaisa da malaminsa, su san abokan da yake yawo da su, su san inda almajirin da suka tura yake kwana da abin da yake ci. Suna iya koya masa cewa durƙusa wa kaka da ɗaga hannu a aji duka ladabi ne, kowanne da wurinsa, su kuma bar 'ya mace ta kai inda ɗan'uwanta ya kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu tanƙwarawar kuwa wajibi ne su san gefen da suka nufa da shi. Allah ya shirya zuriya, amin.